YARO DA DABBARSA: TARIHIN KIWO DA NUNIN DABBOBI NA SAMARIN MANOMA

'Yan'uwa manoma, akwai kukan da muke ji kusan a kowane taron ƙungiya. Dattawa suna cewa samari sun guje wa noma da kiwo, da zarar yaro ya gama makaranta sai ya ɗauki jaka ya nufi birni. Wannan kuka ba a kanmu aka fara shi ba. Manoman Amurka da na Ingila sun yi irinsa fiye da shekara 100 da suka wuce. Ɗaya daga cikin magungunan da suka samo shi ne su ba yaro dabba tasa ta kansa, ya yi kiwonta, ya rubuta lissafinta, sa'an nan ya kai ta gaban jama'a a gwada ta da ta 'yan'uwansa. A wannan fitowa za mu ba ku tarihin wannan dabara, da amfaninta, da kuma wuraren da ta ɓaci, domin ƙungiyoyinmu su zaɓi abin da zai amfane su.

MAFARIN NUNIN DABBOBI

Da fari nunin dabbobi sha'anin manya ne. A Ingila masu manyan gonaki suka soma shi. Ƙungiyar Smithfield ta yi nunin kitsattsun dabbobi na farko a Landan a 1799, babbar ƙungiyar manoman Ingila kuma ta yi nata na farko a garin Oxford a 1839. Nufinsu shi ne mai kiwo ya ga dabbar da ta fi tasa, ya tambayi yadda aka yi, ya nemi irinta.

A Amurka kuwa, wani mutum mai suna Elkanah Watson ne ake tunawa da shi. A 1807 ya ɗaure tumaki biyu irin na Merino, masu gashi mai laushi, a gindin wani babban itace a dandalin garin Pittsfield, cikin jihar Massachusetts. Mutane suka yi ta taruwa suna kallo. Da ya ga tumaki biyu kaɗai sun tara jama'a haka, sai ya shawo kan maƙwabtansa suka kawo shanunsu da tumakinsu a 1810. A 1811 suka kafa ƙungiya, suka mai da nunin abin yi kowace shekara, da kyauta ga wanda ya fi. Daga nan al'adar ta bazu, har ya zama gundumomi masu yawan gaske a Amurka kowace tana da nata bikin nunin amfanin gona.

YADDA YARA SUKA SHIGO CIKI

Tun daga 1862 gwamnatin Amurka ta ba jihohi filaye domin su kafa kwalejojin aikin gona. Malaman waɗannan kwalejoji suka gano abubuwa da yawa game da zaɓen iri, da taki, da abincin dabbobi. Amma suka gamu da wata wahala wadda kowane malamin gona ya sani. Tsohon manomi ba ya son yaron da ya fito makaranta jiya ya koya masa noma. Yakan saurara da ladabi, ya koma gida ya ci gaba da yadda ubansa ya yi.

Sai waɗansu malaman makarantun ƙauye suka bi ta wata hanya, watau ta wurin yara. A watan Janairu na 1902 wani mai kula da makarantu, A. B. Graham, ya tara yara maza da mata a gundumar Clark ta jihar Ohio, suka kafa ƙungiyar gwaje-gwajen noma. Suka koyi gwada ƙasa, da zaɓen irin masara, da shuka lambu. Ba da daɗewa ba irin waɗannan ƙungiyoyi suka tsiro a jihohi dabam dabam. Akan ba yaro eka ɗaya a gonar ubansa, ya noma ta bisa ga shawarar malamin gona. A 1910 wani yaro mai suna Jerry Moore a jihar Carolina ta Kudu ya sami masara wajen buhu 58 mai kilo 100 daga eka ɗaya tak, ninkin ba ninkin abin da manya suke samu a yankin. Uban da ya ga ekar ɗansa ta fi tasa ba ya bukatar dogon bayani. Gani ya kori ji.

'Yan mata ma ba a bar su a baya ba. A wannan shekara ta 1910 wata malama, Marie Cromer, ta kafa musu ƙungiyar noman tumatir da adana shi cikin gwangwani. Daga masara da tumatir sai aka gangaro kan dabbobi. Aka sami ƙungiyoyin kiwon alade, da na maruƙa, da na kaji, da na tumaki. Dalilin a fili yake, gama masarar da yaro ya noma takan fi daraja idan dabba ta ci ta zama nama.

Matsalar ita ce yawancin yaran ba su da kuɗin sayen dabba. A waɗansu wurare bankunan ƙauye da 'yan kasuwa suka riƙa ba su rance, yaro ya sa hannu a takarda da kansa, ya biya bayan ya sayar. A waɗansu wuraren kuma aka yi abin da suka kira sarƙar alade. Akan ba yaro 'yar alade ta-mace mai kyakkyawan iri kyauta. Idan ta haihu, sai ya mayar da 'ya mace daga cikin 'ya'yan, a ba wani yaro. Da haka dabba ɗaya takan zagaya ƙauye duka.

A 1914 majalisar Amurka ta yi dokar da ta kafa aikin malaman gona a gundumomi, aka kuwa sa ƙungiyoyin yara a ƙarƙashinsu. Wajen 1924 sunan 4-H ya kama su duka. Sunan ya fito daga kalmomi huɗu na Turanci masu farawa da harafin H, ma'anarsu kuwa kai, da zuciya, da hannu, da lafiya. Alamarsu ɗanyen ganye ne mai kunne huɗu. A 1928 ɗalibai 33 daga jihohi 18 suka taru a birnin Kansas suka kafa wata ƙungiya ta 'yan makarantar sakandare masu koyon noma, wadda aka fi sani da FFA, watau Manoman Amurka na Gobe. A wannan shekara kuma, a babban nunin dabbobi na birnin Chicago, bijimin wani yaro ɗan shekara 12 daga jihar Iowa ya doke na manyan masu kiwo da na kwalejoji, ya zama zakara. Daga ranar ba wanda ya ƙara ɗaukar kiwon yara abin wasa.

Tarihin yana da nasa tabo. Saboda wariyar launin fata, yaran baƙar fata a kudancin Amurka sun daɗe suna nasu ƙungiyoyi a ware, da ƙarancin taimako. Ɗalibansu sun kafa tasu ƙungiya a 1935, ba a haɗe ta da FFA ba sai a 1965. 'Yan mata kuma ba a karɓe su cikin FFA ta ƙasa ba sai a 1969. A yau 4-H tana kai wa ga yara kusan miliyan 6, yawancinsu ma ba kiwo suke yi ba, FFA kuma ta haye mutum miliyan ɗaya a 2024.

A Ingila abin ya fara ne da maruƙa. A 1921 wani kamfanin madara ya shirya wa 'ya'yan manoman da suke kawo masa madara gasar renon maraƙi a ƙauyen Hemyock, cikin yankin Devon. Daga wannan ƙaramin mafari aka sami Ƙungiyoyin Samarin Manoma, waɗanda suka haɗa kai a 1932 suka zama tarayya ɗaya ta ƙasa.

YADDA AKE YIN SA

Bari mu bi yaro ɗaya mu ga aikinsa. Tun da watanni kafin bikin yakan zaɓi dabbarsa tare da shugaban ƙungiya. Mai kiwon maraƙi yakan yi kusan wata tara zuwa goma yana hidima, mai alade ko ɗan tunkiya kuwa wata uku zuwa huɗu. Ranar farko akan auna dabbar a sikeli, a sa mata lamba a kunne, a rubuta sunan mai ita, domin kada a musanya ta daga baya.

Daga nan sai aikin kullum. Safe da yamma yaro ya ba ta abinci da ruwa, ya share wurin kwananta, ya duba idonta da kashinta ko da ciwo. Ya koya mata bin igiya, da tsayawa cik idan an tsai da ita. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, gama bijimin nuni yakan kai kilo 550 ko 600, mai jansa kuwa wani lokaci yarinya ce 'yar shekara goma. Ƙarfi ba zai yi mata ba, sai haƙuri da sabo.

Kowane yaro yana da littafin lissafi. A ciki yakan rubuta kuɗin sayen dabba, da nauyin abincin da ta ci, da kuɗin magani, da nauyinta wata wata.

Ranar nuni alƙali yakan duba abu biyu. Na fari, dabbar kanta: ƙirarta, da namanta, da ƙafafunta, da lafiyarta. Na biyu, akwai gasa dabam inda yaron ne ake dubawa, ba dabbar ba: yadda ya tsabtace ta, yadda yake sarrafa ta, da yadda yake amsa tambaya. Alƙali yakan tambaye shi abin da take ci, da nauyin da take ƙarawa a rana. A nan ɗan talaka mai dabba matsakaiciya yana iya kayar da ɗan mai kuɗi. Bayan hukunci alƙali yakan faɗi dalilinsa a gaban kowa, domin wanda ya zo na biyar ya san abin da ya rage masa. A wurare da yawa ba mutum ɗaya kaɗai ake yaba wa ba. Duk wanda aikinsa ya kai ma'aunin da aka sa yakan sami shuɗin ƙyalle, na bayansa ja, na bayan wannan fari. A ƙarshe akan yi gwanjon dabbobin yanka, 'yan kasuwar garin su saya, sau da yawa sama da farashin kasuwa domin su ƙarfafa yaran.

AMFANINSA

1. Riƙon amana. Dabba ba ta san ranar hutu ba, ba ta san ruwan sama ko sanyi ba. Yaron da ya yi sakaci da aikin makaranta yana iya ɓoyewa har ƙarshen zango, amma wanda ya yi sakaci da ɗan tunkiya, haƙarƙarin dabbar zai tona masa asiri cikin mako biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

2. Lissafi. Wannan shi ne amfanin da manya da yawa ba su samu ba. Alade yana cin abinci wajen kilo 3 kafin ya ƙara kilo ɗaya na nauyi, bijimi mai cin hatsi kuwa wajen kilo 6 ko 7. Yaron da ya gano wannan da hannunsa ya san cewa abinci ne yake cinye yawancin kuɗin kiwo, ya kuma san akwai ranar da ci gaba da turka yake zama hasara. Mutum yana iya sayar da rago da tsada ya yi murna, alhali kuwa da ya tara kuɗin dusa da harawa zai ga faɗuwa ya yi. Mai littafi ba ya ruɗin kansa.

3. Sanin dabba. Yaro yakan koyi gane dabba mai kyau tun tana ƙarama, da lokacin allura, da maganin tsutsar ciki, da alamun ciwo tun bai yi nisa ba. Abin da ya koya kuwa ba ya tsayawa a kansa, yakan shiga garken gidan duka. Tun farko dama abin da malaman gona suka nufa ke nan.

4. Bakin magana. Yaron ƙauye mai jin kunya yakan tsaya gaban taro ya amsa wa alƙali. A taron ƙungiya yaran ne suke zaɓen shugabansu, da magatakarda, da ma'aji, babba yana gefe yana ba da shawara kawai. Nan ne ake renon waɗanda za su riƙe ƙungiyoyin manoma gobe. Jami'ar Tufts ta bi sawun yara fiye da 7,000 har shekara kusan goma, ta tarar 'yan 4-H sun fi sauran yara shiga aikin taimakon jama'a. Sai dai mu lura, binciken ya haɗa dukan 'yan ƙungiyar ne, ba masu kiwo kaɗai ba.

5. Jimre wa rashi. A kowace gasa masu faɗuwa sun fi masu ci yawa. Wani lokaci dabba takan mutu ana saura mako ɗaya. Ranar gwanjo kuma yara da yawa sukan yi hawaye sa'ad da aka tafi da dabbar da suka saba da ita. Iyaye ba sa hana su kuka, amma sukan nuna musu cewa wannan shi ne kiwo, hakkin dabba a kanka shi ne ka kula da ita da kyau muddin tana hannunka.

6. Jari. Yara da yawa sun biya kuɗin makaranta da ribar kiwonsu, waɗansu kuma karsana ɗaya ce ta zama tushen garkensu.

INDA ABIN YA ƁACI

Ba za mu ɓoye muku ba, inda kuɗi ya yi yawa, nufin farko yakan ɓace. A babban nunin birnin Houston, wanda aka fara a 1932, an sayi bijimin da ya zo na ɗaya a 2022 a kan dala miliyan ɗaya. Gaskiya ne kaɗan daga ciki ne ya shiga hannun mai bijimin, sauran ya tafi asusun karatun yara. Duk da haka irin wannan kuɗi yana sa kwaɗayi. Waɗansu iyaye sukan sayi maraƙi mai tsadar da ba ta da dangantaka da kasuwa, su ɗauki gwani ya yi ta gyaransa, yaro kuwa sai riƙon igiya ranar nuni. Irin wannan yaro ya ci kyauta, amma bai koyi kome ba sai cewa kuɗi ne yake magana.

Har maguɗi an yi. A 1994, a nunin jihar Ohio, aka gano an ba waɗansu dabbobin da suka ci gasa wani haramtaccen magani mai suna clenbuterol, mai ƙara tsoka, wanda yake da haɗari ga mai cin naman. Manya ne suka shirya abin, ba yara ba. A 1995 jihar ta yi doka mai tsanani a kan haka, yanzu kuma manyan wuraren nuni suna gwada fitsarin dabbobin da suka ci.

Akwai kuma zancen cuta. Tara dabbobi daga gidaje dabam dabam a wuri ɗaya hanya ce ta yaɗa ciwo. A 2012 mutum fiye da 300 a Amurka, yawancinsu yara, suka kamu da wata mura ta alade, akasari a wuraren nuni. Saboda haka ake sa likitan dabbobi ya duba kowace dabba a ƙofa, a wanke hannu, a kuma ware dabbar da ta dawo gida na ɗan lokaci kafin ta koma cikin garke.

ABIN DA ƘUNGIYOYINMU ZA SU ƊAUKA

Dabarar ta daɗe da ƙetare teku. Kenya tana da ƙungiyoyin 4-K a makarantunta tun shekarun 1960, gwamnati kuma ta sake farfaɗo da su a 2021. A Nijeriya ma dattawa da yawa suna tunawa da Ƙungiyar Samarin Manoma a makarantunsu, da nunin amfanin gona da akan yi a manyan garuruwa bayan kaka. Ban da wannan, ba yaro kaza ko akuya tsohuwar al'adarmu ce. Kaka takan ba jikanta, uwa takan ba 'yarta. Abin da bai cika samuwa ba shi ne littafin lissafi, da mai koyarwa, da ranar gwaji. Ga shawarwarinmu:

Ku fara da ƙananan dabbobi irin na gida, kamar akuya, da tunkiya, da zomo, da kaza, da alade inda ake kiwonsa. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda duniya ta san fatarta, da tumaki irin su Balami da Uda da 'Yankasa, sun ishe mu. Akuya tana haihuwa cikin wata biyar, saboda haka sarƙar akuya za ta zagaya da sauri.

Ƙungiya ta ba da rancen dabba ga yaro ko yarinya da sanin iyaye, a rubuta sharaɗi, a kuma faɗi tun farko abin da za a yi idan dabbar ta mutu ba da sakaci ba.

Dabbar ta zama ta yaron da gaske. Uban da ya kama akuyar ɗansa ya sayar ba shawara, ya cinye kuɗin, ya koya masa cewa kiwo wahala ce da wani yake cin moriyarta. Wannan yaro ba zai zauna a ƙauye ba.

A gayyaci malamin dabbobi ya yi allurar rigakafi kafin nuni, musamman ta annobar awaki da tumaki, ya kuma hana dabba marar lafiya shiga fili.

A sa ranar nuni daidai da lokacin da dabbobi suke tsada, kamar gab da Kirsimeti ko Babbar Salla, domin yaran su sami kasuwa.

Alƙali ya zo daga wani gari, ya duba littafi kafin ya duba dabba, ya yi wa yaron tambayoyi, ya faɗi dalilin hukuncinsa a fili.

Kyauta ta zama 'yar kaɗan mai amfani, kamar bokiti, ko buhun dusa, ko littattafan makaranta. Kada ta yi girman da zai sa manya su shiga tsakani.

'Yan'uwa, ba sai da kuɗi mai yawa ba. Elkanah Watson da tumaki biyu ya fara, a gindin itace. Ƙungiyar da take da awaki biyar, da dattijo ɗaya mai haƙuri, da littattafan rubutu biyar, tana iya farawa bana. Ku sa maganar cikin abin da za ku tattauna a taronku na gaba, ku kuma kira samarin da 'yan matan su zauna, a ji ta bakinsu.